BA SAMMU BA NE 'YAR UWA, BASHI NE

'Yan uwana mata, matan aure da 'yan mata, musamman ke da kika ɗaura ɗamarar kama sana'a kwanan nan. Yau zancen nawa da ke ne, kuma na san kafin a kai ƙarshensa akwai waɗanda za su tsuke fuska su ce wannan mata ta cika tsaurin ido. To a ce mana. Gara in faɗa a ji haushina da in yi shiru ina kallon 'yan uwana suna narkewa kamar man shanu a rana, alhali abin da ke cinsu yana nan a fili kowa na ganinsa, kunya ce kawai ta hana a kira shi da sunansa.

Duk wadda ta zauna a Dogarawa ko Kwangila ko Muciya ko Hayin Dogo ta san da wuya ki shiga gida uku a jere ba ki tarar da mai sana'a ba. Wannan tana ƙulla zoɓo da kunun aya, waccan tana suyar awara da yamma, ta gaba tana haɗa humra da turaren wuta, wata kuwa mota take hawa har Kantin Kwari a Kano ta saro atamfa ta zo ta baza a kan gado ta ɗauki hoto ta ɗora a WhatsApp. Jarin nan kuwa ba daga sama ya faɗo ba. Wata ɗankunnen zinarenta na aure ta sayar, wata tunkiyar da ta shekara tana kiwo, wata kwasar adashi ce da ta yi wata goma tana zubi, wata kuma ɗan abin da ya zo hannunta ne na gadon mahaifinta. Watan farko sai murna, fuska sai sheƙi, kowa ya shigo ya ce Allah Ya sa albarka. Ki dawo bayan wata huɗu ki ga baiwar Allah. Ta rame ta yi zuru-zuru, ƙarfe biyun dare idonta biyu tana lissafi da yatsu a cikin duhu, kai na sara mata, yaro ya yi ɗan laifin da bai taka kara ya karya ba ta rufe shi da duka, maigida ya yi magana ta hayayyaƙo masa, abinci ma ya daina yi mata daɗi.

Daga nan sai masu fassara su taso. Gwaggo ta ce baki ne ya kama ta, ƙawa ta ce ai matar nan ta ƙarshen layi ce ta sa mata hannu don ta ga ta fi ta ciniki, wata ta ce akwai kuɗin da in aka ba ki shi sai ya kwashe na cikin jakarki ya gudu. Shi ke nan sai a ɗauke ta a kai ta wajen mai duba, ya buga ƙasa ya ce aiki ne babba, a kawo baƙin zakara da dubu goma. Ɗan guntun jarin da ya rage ma ya bi 'yan uwansa. Ni ban ce babu hassada a duniya ba, akwai ta, kuma addu'a takobin mumini ce, ba wanda ya isa ya raba mu da ita. Amma ruwa ba ya tsami banza. Kafin ki zargi maƙwabciyarki da kuka yi shekara goma kuna cin arziki, zauna ki ƙirga mutum nawa ne suka ɗauki kayanki ba su biya ba. Wallahi a mafi yawan lokuta aljanin da ke hana ki barci yana da suna, yana da gida, kuma ranar suna ko biki za ki gan shi sanye da atamfarki yana ɗaukar hoto.

Bari mu yi lissafi irin na 'yan firamare, kuɗin duk na misali ne, ke ki sa naki. A ce jarinki naira 110,000 ne. Kin saro turmi goma a kan 10,000 kowanne, kuɗin mota da dako da ɗan abin da kika sa a baki sun ci 10,000. Kin sa wa kowane turmi 13,000, wato in duk suka shige kina da 130,000, ribarki 20,000, zuciyarki fari ƙal. To amma turmi huɗu bashi aka ɗauka, 52,000 ke nan suna waje, abin da ke hannunki 78,000 ne. A ciki maigida ya ce ara mini 5,000 in na dawo zan ba ki, an yi haihuwa a dangi kin kai gudummawar 3,000, saura 70,000. Kin cire kuɗin mota kin isa Kwari da 60,000, kin tarar turmi ya koma 12,000. Turmi nawa za ki ɗauko? Biyar. Kin fara da goma kin koma biyar, kuma a bakinki har yanzu cewa kike kin ci ribar dubu ashirin. To ina boka a cikin wannan lissafi? Jikinki ya riga ya gane jarin yana zurarewa tun kafin ke ki yarda, shi ya sa barci ya ƙaurace miki.

A da can, lokacin da farashi kan kwana ya tashi inda yake, ana iya ɗaga wa mutum ƙafa wata uku ba a ji a jika ba. Shekarun nan sun koya mana wani karatun. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin fetur ya ƙare, cikin 'yan kwanaki litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 a nan Arewa, kafin ƙarshen 2024 ta tsallake 1,000, kuɗin mota da na dako da na kowane kaya suka bi ta. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a watan Disamba 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, ma'ana abin da aka saya naira 100 a shekarar da ta gabata ya koma wajen 135. A irin wannan shekara, wadda ta ɗauki turminki na 13,000 ta kawo kuɗin bayan wata goma sha biyu tana washe baki wai ta cika alkawari, abin da ta miƙo miki ba zai sayi abin da 10,000 ta saya ranar da ta ɗauka ba. Ko uwar kuɗinki ba ta dawo ba, balle riba. Kin yi kyauta ba ki sani ba, kuma ba a gode miki ba.

Yanzu bari in juyo gare ku, ku masu ɗauka. Ke Anti, ke ƙawar amarya, ke matar wa, ke da kike shigowa da fara'a kina ɗaga kaya kina cewa, “Kai wannan ta yi kyau, ajiye mini ita, ƙarshen wata in Baban su Walid ya karɓi albashi zan aiko.” In ta ɗan yi jim sai ki ce, “Haba, ni ce fa! Yanzu har ni za ki yi wa haka?” Ƙarshen wata ya zo ya wuce, wani ya zo ya wuce. Ta aiko yaro kin ce ba kya nan alhali yana jin muryarki a ɗaki. Ta kira waya kin ƙi ɗagawa. Ranar da ta yi ƙarfin hali ta tako da ƙafarta sai ki ɗaure fuska ki ce a kan 'yan kuɗin nan ne ake miki sintiri kamar kin ci na marayu, daga nan kuma sai gaba, sai ki bi dangi kina cewa tunda ta fara sana'a ta zama mai son abin duniya. Amma ke ɗin nan in kika shiga kasuwar Sabon Gari shagon wanda bai san sunanki ba, jakarki kike zugewa ki ƙirga masa kuɗinsa cif, ko kobo ba kya ce a bar miki sai gobe. Wato baƙo ya cancanci a biya shi, 'yar uwarki ce ta cancanci a karya. Anko uku kika yi a wata biyu, kin yi lalle, kin yi gyaran jiki, kuɗin baiwar Allah ne kaɗai ba ki da halin biya. Ki ji tsoron Allah. Malamanmu kullum suna faɗa mana jinkirin biya daga mai hali zalunci ne, kuma hawan jinin da yarinyar nan za ta kamu da shi da hannunki a ciki.

Sai kai maigida, Allah Ya ƙara girma, ba raini a maganata. Da yawanku ku kuka ba da izinin sana'ar, wasu har da ƙarin jari, Allah Ya saka. Amma akwai wanda daga ranar da ya ga matarsa ta fara juya 'yan kuɗi sai ya saki ragamar gida. Da safe ya saɓa riga ya ce, “Ki yi amfani da na wajenki, in na dawo ma yi magana.” Maganar da ba a yi ke nan har yau. Kuɗin magi da manja da gawayi da sabulu da na makarantar Islamiyya duk sun koma kan robar zoɓo. Ci da sha da sutura nauyinka ne Malam, aure ya ɗora maka, kuma dukiyar mace tata ce ko da allura ce. In ta taimaka da daɗin rai lada ta samu, kuma mace ta gari ba za ta ga gida ya kwana da yunwa tana riƙe da kuɗi ba. Amma a kira abu da sunansa, in rance ne a ce rance a sa rana a biya, in taimako ake nema a roƙa a gode. Kada ka cinye jarin sannan ka dawo kana mata gori wai ita ba ta iya sana'a ba.

Na san abin da wata za ta ce. Za ta ce, “Hajiya, ai in ban ba da bashi ba ba zan yi ciniki ba, garin nan na 'yan albashi ne da ɗalibai.” Gaskiya ne, bashi hanji ne yana cikin kowa, kuma rabin cinikin Samaru da kewaye a kan Jami'ar Ahmadu Bello ya rataya. Amma wannan ɗin shi ne ma dalilin da zai sa ki yi hattara. Kin manta 2022? Malaman jami'a suka shiga yajin aiki daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba, wata takwas cur, ɗalibai suka watse, gwamnati ta riƙe albashin malamai. Mai abinci da mai wanki da mai ƙanƙara da mai atamfa kowa ya ji a jikinsa. Wadda jarinta ke hannunta ta lallaɓa ta canza kaya ta rage sari har Allah Ya kawo sauƙi. Wadda jarinta ke gidajen mutane yana jiran albashi fa? Ko masu gaskiyar cikinsu ba su da abin ba ta. Ciniki sai kuɗi ya shigo hannu yake zama ciniki. Kaya ya fita kuɗi bai shigo ba, wannan rabo kika yi.

Wata kuma za ta ce zumunci zai lalace. To ki duba dangin da kika sani, ki gaya mini me ya fi raba 'yan uwa in ba bashin da ba a rubuta ba, wannan ta ce dubu bakwai ne waccan ta ce biyar ne kuma ta ba da biyu ranar sunan wance. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka, tana umurni da a rubuta shi, ƙarami ne ko babba, a sa masa lokaci, a kafa shaidu. Ashe ke da kika ɗauko biro ba rashin kunya kika yi ba. Wadda kuma kika tabbatar tana cikin ƙunci na gaske, mijinta ya rasu ko ciwo ya kwantar da ita, ki saurara mata, in kina da hali ma ki yafe, wannan sadaka ce kin san kin yi ta kuma zuciyarki ta huta. Wadda nake faɗa da ita ita ce mai hali da ta mayar da kunyarki gonarta. Hausawa sun gama magana, kunyar mara kunya asara ce.

Mu ma masu rubuta littafi ba mu tsira ba, kada ki ɗauka daga kan tudu nake magana. Marubuciya za ta tara kuɗinta ta kai maɗaba'a, ta ɗauko littafi ta rarraba wa masu shaguna a kan sai an sayar a biya, sannan ta koma bin sawu, yau a ce mai shagon ya fita, gobe a ce kasuwa ba ta tafiya alhali littafin ya ƙare a kan kanta. Marubuta nawa ne suka fitar da kashi na ɗaya, masu karatu suna ta jiran na biyu har yau, ba don labarin ya ƙare musu ba sai don kuɗin bugu ya maƙale a aljihun wasu? Ciwon ɗaya ne, ko littafi kike sayarwa ko daddawa.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne irin maganin da mata ke nema wa wannan damuwa. Wata in jari ya yi ƙasa sai ta ci bashin manhajojin nan na waya masu ba da rance cikin minti biyar da ruwa mai nauyi, ranar da ta gaza biya su bi lambobin da ke wayarta suna aika saƙon tozarci har ga surukanta, abin da ya sa a 2022 hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta tarayya ta far wa wasunsu. An gudu daga ruwa an faɗa wuta. Wata kuma kullum tana kemis, a ba ta na ciwon kai a ba ta na ciwon jiki, tana afawa cikinta ba komai, alhali yawan shan irin su ibuprofen da diclofenac yana iya jawo gyambon ciki ya kuma taɓa ƙoda. Wata ƙawar banza ta ce sha wannan ki samu barci, daga kwalba ɗaya an shiga halaka. Ba a banza gwamnati ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin ba a watan Mayu 2018, bayan binciken da BBC ta yi. 'Yar uwa, hawan jini sau da yawa ba ya sallama, mutum na yawo da shi bai sani ba. Ki je asibitin unguwa a auna ki, in awo yana kai 140 bisa 90 ko ya wuce a kai a kai, maganar likita ce ba ta jiƙe-jiƙe ba. In kuma kin yi sati biyu ko fiye kina cikin baƙin ciki, ba barci, ba cin abinci, ba abin da ke miki daɗi, har kina jin gara ki mutu ki huta, to wannan ciwo ne mai magani, kuma ga asibitin koyarwa nan a Shika kusa da mu. Zuwa wajen likitan ƙwaƙwalwa ba hauka ba ne.

To mene ne abin yi? Akwai abin da ba ya hannunki, kamar ɗauke wuta zoɓo ya lalace, ko tsadar fetur, ko irin wahalar takardun kuɗi da aka sha a farkon 2023 lokacin canjin naira, mutum da kuɗinsa a banki ya rasa na sayen barkono. Waɗannan ki bar wa Allah, tunaninki ba zai sauko da farashin lita ba. Ki tattara ƙarfinki a kan wanda ke hannunki. Ki sayi littafi mai shafi arba'in irin na 'yan makaranta, kowane dare bayan Isha'i ki rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita da sunan duk mai bashi da ranar biya. In rubutun boko bai zauna miki ba ki yi da ajami, ko ki sa 'yarki ta rubuta. Abin da aka zuba a takarda ya sauka daga kai, kin rufe littafi kin rufe shago sai ki kwanta. Ki raba kuɗinki gida uku, uwar kuɗi da ba a taɓa ta ko ana ha-maza-ha-mata, riba da za ki riƙa cirar ɗan abin kashewarki a ciki, da asusun ko-ta-kwana. Ki yanke wa kanki iyaka, misali a cikin kaya goma ɗaya ne kawai zai fita bashi, kuma wadda ba ta biya na baya ba ba ta ɗaukar sabo ko ita ce ta yi miki wankan jego. Wadda ta ce ta yi taransifa, ki ga kuɗin a asusunki da idonki kafin kaya ya bar ɗakin. Kada ki shiga adashin da zubinsa ya fi ƙarfin ribarki don kawai a ce da ke ake yi.

Ki kuma koyi maganar da za ki faɗa tun kafin mai ɗauka ta shigo, don kada ta same ki ba shiri. Ba sai kin ɗaure fuska ba. Da murmushinki ki ce, “Wallahi Anti jarin ƙarami ne, in ya fita ba ya dawowa da wuri sai in zauna. Ki kawo rabi in ajiye miki, ranar da kika cika ki ɗauka.” Ranar farko bakinki zai yi nauyi, ta biyu da sauƙi, ta uku kowa ya san halinki an huta. Mai ƙaunarki ta gaskiya ba za ta yi fushi ba, wadda ta yi fushi kuwa da ma ba ke take so ba, kayanki take so. Sannan ki sa wa sana'ar lokacin tashi, ba a buga miki ƙofa ƙarfe goma sha ɗayan dare don magin naira hamsin. Ki ware yini ɗaya ko rabinsa a sati ki huta ki je gidanku ki yi dariya da 'yan uwa. Kuma don girman Allah kada ki sauke damuwarki a kan 'yarki, ki ɗora mata faranti ta yi ta gararamba a tashar mota har dare, ko ki mayar da ita 'yar karɓo bashi tana shan zagi a ƙofar gidajen mutane lokacin da sa'o'inta ke aji. Ramin da manya suka haƙa ba yarinya 'yar shekara tara ce za ta cike shi ba.

Sana'a alheri ce, uwayenmu da kakanninmu da ita suka yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki suna cikin gidajensu, kuma ba a ce ki bari ba. Cewa aka yi ki riƙe ta da ido buɗe. Ke mai sana'a, yau ɗin nan kafin ki kwanta ki ɗauko takarda ki jera sunayen masu kuɗinki ki haɗa jimla, ki ga ko ba shi ne daidai abin da ke danne miki ƙirji ba. Ke kuma da kike karanta wannan kina tuna akwai kuɗin wata a kanki, kada ki jira ta aiko, ki ƙulle ko rabi ne ki kai mata da kanki ki ba ta haƙuri, ki bar baiwar Allah ta yi barci. In kunne ya ji, gangar jiki ta tsira.

Allah Ya sa albarka a cikin nemanmu, Ya raba mu da bashin da ba za mu iya biya ba, Ya ba mu lafiya da kwanciyar hankali a gidajenmu, amin summa amin.

Taku har kullum, 'yar uwarku daga Dogarawa, Zariya.